Mahaya biyu a Fort Worth

Ɗan yayana bai ga dalilin da zai sa mutum ya ƙetaro teku, ya kwana zaune a jirgi, sannan ya kashe yini guda wajen kallon zanen doki ba. "Baffa, dokin gaske fa ka baro a gida," in ji shi. Na ce ai shi ya sa. Wanda ya tashi gidan da ake ɗaure doki a turke, ya sha ɗaukar harawa yana yaro, shi ne zai so ya ga yadda wasu mutane suke kallon dabbar. Da ya ga na kafe sai ya duba wayarsa, ya ce jirgin ƙasan da ke tashi daga Dallas zuwa Fort Worth yana aiki ran Asabar, tafiyar kamar awa ɗaya ce. Muka yi sammako. Watan Nuwamba ne, sanyin garin na shiga ƙashi kamar hunturun Funtuwa, sai dai babu hazo.

Ni ɗan zamanin fim ɗin kaboyi ne. Muna yara mun san kaboyi tun kafin mu san inda Amurka take a taswira: hula mai faɗin baki, bindiga a ƙugu, mutum ya shigo gari shi kaɗai a kan doki, ya gama da 'yan iska, ya fice shi kaɗai. Waɗanda yake harbi kuwa mukan ce musu Indiyawan daji, muna tafi idan sun faɗo. Sai da na girma na gane su ne masu ƙasar, kuma sunan da muke kiransu da shi ba nasu ba ne. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, wannan hoto na mai doki shi kaɗai a fili fetal ya girmi silima. Masu zane ne suka fara ƙera shi a mujallu, masu fim suka zo suka ɗauka. Babban su kuwa wani ne da ake kira Frederic Remington, kuma ayyukansa da dama suna Fort Worth.

Yaron ya ce mu fara da tsohuwar kasuwar shanu da ke arewacin gari, don ƙarfe 11:30 na safe ake kora shanu a titi, sai kuma 4:00 na yamma. Muka je muka tsaya a bakin hanya cikin 'yan kallo. Titin na jan bulo ne, ga kantunan takalman fata da huluna ko'ina. Can sai ga su: shanu ba su kai ashirin ba, suna tafe a hankali kamar an tashe su daga barci, mahaya sanye da kayan dā suna kewaye da su. Ƙahonin ne abin kallo. Daga wannan tsini zuwa wancan wasu sun kai tsawon mutum, kuma a kwance suke miƙewa gefe da gefe, ba kamar na rahajin Bororo da ke tashi sama ba. Cikin minti goma an gama. Mutane na ta ɗaga wayoyi, ni kuwa dariya ta kusa kuɓuce mini, don abin da ake shirya wa baƙi sau biyu a rana, a hanyar Maigatari ranar kasuwa shi ne ke tsare maka mota har ka gaji da danna oda.

Amma wasan yana da tushe. A 1849 sojoji suka kafa sansani a bakin kogin Trinity, shi ne asalin garin, kuma sunan wani janar ya ci. A lokacin nan ne bakin iyaka: gabas gonakin Turawa, yamma ƙasar Komanci, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar. Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865, jihar Texas, inda garin yake, ta cika da shanu ba masu saye. Saniyar da ba ta wuce dala 4 a nan ba tana iya kai dala 40 a arewa. Sai aka fara koro su a ƙasa ta wani dogon burtali da ake kira Chisholm, har garin Abilene na jihar Kansas, inda jirgin ƙasa yake ɗauka. Fort Worth ne zangon ƙarshe na sayen guzuri kafin a shiga daji. Tsakanin 1866 da 1890 shanu sama da miliyan 4 suka ratsa ta nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ake korar. Garke guda yakan kai shanu 2,500 ko 3,000, mutum goma ko sha biyu ke tafe da shi, ga mai dafa abinci da amalankensa, ga yaron da ke kula da dawakin canji. Wata biyu ko uku suna hanya, dare ya yi a raba gadi. Lebura ne kawai na kan doki, albashinsa kamar dala 30 a wata. Kuma ba duka farare ba ne. Sana'ar ma daga makiyayan Meziko aka koyo ta, har igiyar zarge da fasalin sirdin, sannan masana tarihi da yawa na ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na kaboyin wancan zamani baƙar fata ne. A gaban zauren wasan dawaki na kasuwar akwai mutum-mutumin tagulla na Bill Pickett, baƙar fata, yana kokawa da bijimi. Yaron ya ɗauke ni hoto a wurin. Ban taɓa ganin mai kamarsa a allon silima muna yara ba.

Daga nan muka kira mota zuwa gidan zane-zane na Amon Carter. Mai jarida ne wannan Carter, shi ke da babbar jaridar garin, ya tara zanen Remington da na Charles Russell, ya bar wasiyya a gina musu gida. Ya rasu a 1955, aka buɗe gidan a 1961. Ba a biyan ko sisi a ƙofa, sai dai ba sa buɗewa ran Litinin. Ginin na kan ɗan tudu, idan ka juya daga bakin ƙofa kana hango dogayen benayen tsakiyar gari.

Zanen Remington da kowa ke rububi a kai babba ne, faɗinsa ya haura mita biyu, na 1889: mahaya takwas sun sako dawaki a sukwane sun nufo ka, mayaƙan ƙabilar Apace na bin su, ɗaya an harbe shi ɗan'uwansa na tallabe da shi kada ya faɗo. Idan ka tsaya a gabansa sai ka ji kamar ka kauce. Ƙafafun dawakin a sama suke, ba su taɓa ƙasa ba, abin da hotunan da wani mai ɗaukar hoto, Muybridge, ya ɗauka a 1878 suka tabbatar cewa haka doki yake yi a tsakiyar sukuwa. Na yaba, na wuce. Ba shi na zo nema ba.

Wanda na zo nema yana tsaye ne, tsawonsa ya fi faɗinsa, shi ma Remington ne ya yi shi a 1902, sunansa kawai Kaboyi. Mutum ɗaya, doki ɗaya, suna gangarowa daga wani tudu mai duwatsu, bayansu busasshiyar ƙasa ta miƙe har inda ido ya gaza. Na daɗe a gabansa, kuma ba fuskar mutumin nake kallo ba, zamansa nake kallo. Ya kwantar da bayansa baya, ya miƙe ƙafa cikin likkafa, ya bar dokin ya nemi wurin taka ƙafarsa da kansa. Duk wanda ya taɓa gangara da doki ya san haka ake yi. Ka ranƙwafa gaba, ko ka fizge linzami don tsoro, ku tafi ƙasa tare. Kakana yakan ce a gangare doki ne malami, kai ɗalibi. Mai zanen nan ya san doki, wannan ba musu. Ubansa hafsan sojan doki ne a yaƙin basasa, shi ma ya tashi yana hawa.

Wata dattijuwa mai aikin sa kai a gidan ta ga na daɗe, ta matso ta tambaye ni me na gani. Kafin in amsa ta faɗi nata: 'yanci take gani, mutumin da ba shi da ubangida, ba ya jiran umarnin kowa. Na ce mata a inda na fito ba haka ido zai fara karanta shi ba. A wurinmu doki da jama'a yake tafiya. Ka ga mai doki, ka ga zagage a gaba, ka ga ɗan barga a baya, ga maroƙi, ga mai algaita, ga yara na bi da gudu. Ko hakimin ƙaramin gari ba ya hawa shi kaɗai, don hawan da ba mabiya ai ba hawa ba ne. Idan aka hango mai doki shi ɗaya tilo ya fito daga daji, tambayar farko ita ce lafiya? Ko dai manzo ne da saƙon gaggawa, ko wanda aka ci su da yaƙi ya tsira, ko wanda aka tuɓe. Ta yi shiru, ta ce ba ta taɓa kallonsa ta nan ba. Ni ma ban taɓa kallonsa ta wajenta ba sai da ta faɗa, don haka babu wanda ya ci wani.

Sai dai ina da ƙorafi a kan zanen, kuma da safen nan na samo shi. Mutumin nan ba shi kaɗai ba ne. Wani wuri bayan tudun akwai garke, akwai abokan aiki goma, akwai mai dafa wake, akwai mai shanun da ke zaune a gari yana lissafi. Remington ya yanke su duka ya bar mana mutum ɗaya, don shi ya fi kyau a shafin mujalla. Da ma don mujalla aka yi shi: Scribner's ta buga shi a 1902 cikin jerin zane huɗu na irin mutanen yamma. Masu saye kuwa mutanen New York da Boston ne, masu zaman ofis, waɗanda rabonsu da doki sai na keken haya.

Shi kansa Remington ɗan gabas ne. A Canton ta jihar New York aka haife shi a 1861, ya taɓa karatun zane a jami'ar Yale, ya fara leƙa yamma a 1881. A 1883 ya sayi wurin kiwon tumaki a Kansas, bai daɗe ba ya sayar, zaman kaɗaicin bai karɓe shi ba. Wannan ya ba ni dariya: sarkin zana kaɗaici ya ɗanɗana ya gudu. Daga nan sai ya riƙa zuwa yamma yana ɗaukar hotuna, yana zane-zanen gaggawa, yana sayo sirdi da kwari da baka da tufafi, ya koma ɗakin aikinsa a New Rochelle kusa da birnin New York ya zauna ya haɗa. Russell, wanda zanensa ke rataye kusa da nasa, shi ne ya yi aikin da gaske, shekara 11 yana bin shanu a Montana, yawanci gadin dare. Abin lura, zanen Russell ya fi cika da mutane.

Akwai wani ɗan zane na 1895 a gidan da ya fi faɗin gaskiya. Sama ta yi toka-toka, ƙasa ta rufe da dusar ƙanƙara, kaboyi biyu sun iso shingen waya mai ƙaya, ɗaya ya sauka yana buɗe ƙyaure. Shi ke nan. Ba gudu, ba harbi. A 1874 aka yi wa irin wannan waya rajista, cikin shekara goma sha ta daddatse filin, ta toshe burtali, jirgin ƙasa kuma ya iso har gida, ba sauran buƙatar doguwar kora. Ƙidayar 1890 ta ce babu sauran wani layi da za a kira bakin iyaka. Wato lokacin da aka zana mai gangarowa daga tudun nan, duniyarsa ta riga ta watse da shekaru. Da na ga shingen ban iya hana kaina tuna burtalan da aka nome a ƙasarmu ba, amma wannan wata magana ce mai tsawo, kuma ba ita ta kai ni Texas ba.

La'asar ta kawo jiki, muka samu gefe a wajen ginin muka yi salla a kan ciyawa, yaron ya shimfiɗa rigar sanyinsa. Ya so mu koma tasha. Na ce saura ɗaya. A tsakiyar gari, kan babban titi, akwai wani ƙaramin gidan zane na Sid Richardson, attajirin man fetur, abokin Carter, wanda ya rasu a 1959. An buɗe shi a 1982, shi ma kyauta ne. Tsakanin kantuna da gidajen abinci yake, idan ba ka lura ba sai ka wuce shi.

A can na gamu da na biyun, kuma shi ne ya biyo ni gida.

Ba shi da girma, hannu biyu za su rungume shi. Dare ne. Duk zanen launi ɗaya ne ke yawo a cikinsa, wani shuɗi-shuɗi mai ratsin kore, irin hasken da farin wata ke yi a kan rairayi, sai dai nan kan dusar ƙanƙara ne. Taurari 'yan kaɗan a sama. A tsakiya ɗan asalin ƙasar ne a kan ƙaramin doki, ya dunƙule cikin mayafi, ya duƙar da kai, dokin na takawa da ƙyar. Fuskar ba ta fito sosai ba. Babu nama rataye a bayansa, babu komai. Sunan zanen da Hausa shi ne maharbin da bai yi sa'a ba, kuma a 1909 Remington ya yi shi.

Na matsa kusa har mai gadi ya gyara tsayuwa. Daga kusa babu doki babu mutum, shafe-shafen fenti ne kawai, burushi ya ja nan ya dangwala can. Ka ja baya taku uku sai sanyi ya fito. Ban san yadda ake zana sanyi ba, amma ga shi an zana. Na ji shi a yatsun ƙafata, na tuna dawowa daga ƙauye a kan babur cikin daren hunturu, lokacin da hannu ke ƙin lanƙwasuwa.

Kalmar sa'a ce ta tsaya mini a wuya. Maharbi ya fita bai samo ba, a ce bai yi sa'a ba, gobe ya sake fita. Wannan ba haka ba ne. A farkon ƙarni na 19 ɓaunar Amurka ta kai wajen miliyan 30 a filayen nan, ita ce abincin mutanen, ita ce tufarsu, fatarta ce ɗakinsu. Zuwa 1889 da aka ƙirga, abin da ya rage bai fi dubu ɗaya da 'yan kai ba. Maharban fata ne suka ƙarar da su da manyan bindigogi, a feɗe a bar naman ya ruɓe a fili, hukuma kuma ta zuba ido don ta san wanda yunwa ta kama ba ya yaƙi. Fort Worth ma ta ci rabonta, don bayan jirgin ƙasa ya iso a 1876 ta nan aka riƙa lodin fatun. Dawakin su ma ba a bar musu ba. A Satumbar 1874, a kwazazzabon Palo Duro da ke yammacin Texas, sojojin Kanar Mackenzie suka kama dawakin Komanci da ƙawayensu wajen 1,400, suka harbe fiye da dubu. Mutanen da aka sani da cewa a kan doki suke rayuwa suka shiga hunturu a ƙasa. Shekara na zagayowa jagoransu Quanah Parker ya miƙa wuya. To wanda aka kashe masa dabbar da yake farauta, ya fita ya dawo hannu rabbana, ina ruwan sa'a a ciki?

Yaron ya zo ya tsaya kusa da ni, ya karanta ɗan allon da ke gefe, ya ce, "Baffa, ai wannan da wancan duk abu ɗaya ne, mutum da doki." Na ce ana ga doki kana ga ƙura. Wancan mai zane ne ya raba shi da jama'arsa, da almakashi, don hoto ya yi kyau. Wannan kuwa ko an faɗaɗa zanen zuwa bango guda, babu garken da zai fito, babu abokan tafiya. Akwai dai waɗanda ke jiransa a wani wuri, kuma sun ji shiru.

Ba zan mai da Remington waliyyi ba. Wasiƙunsa na nan, cike da raini ga 'yan asalin ƙasar da Yahudawa da baƙin haure, kuma shekaru ya yi yana bin sojojin doki yana zana su a matsayin jarumai. Yana yankin Wounded Knee ma a Disambar 1890, lokacin da sojoji suka yi wa 'yan asalin ƙasar kisan gilla a can. Da zanensa aka koya wa duniya, har da mu a silimar Kano da Kaduna, wa za a yi wa tafi. Amma a shekarunsa goma na ƙarshe wani abu ya sauya a hannunsa. Ya gaji da a kira shi mai zanen mujalla, ya koma zanen dare, ya yi sama da 70, har ya tara tsofaffin ayyukansa da dama ya cinna musu wuta a 1907 da 1908. A zanen daren hayaniya ta ragu, harbi ya ragu, mutane sun zama ƙanana a cikin duhu. Ko tausayi ne ya shige shi, ko kuwa shi ma irin kukan nan ne na wanda ya gama cin tuwo yake yabon hatsi, kowa da yadda zai ɗauka. Ni na fi karkata ga cewa hannunsa ya riga zuciyarsa gane abin da ya faru. Bai daɗe ba bayan zanen: ranar 26 ga Disamba 1909 ya rasu bayan tiyatar afendis, yana da shekara 48.

A ɗan kantin gidan na sayi katin zanen. Muka fito gari ya fara duhu, fitilu sun kama a jikin bishiyoyi, wani ya wuce mu da hular kaboyi sabuwa fil yana magana a waya. A jirgi yaron ya yi barci tun kafin mu bar gari. Na ɗauki hoton katin na tura wa ƙanin mahaifina ta WhatsApp, shi ne ya gaji bargar kakanmu, har yanzu yana da akawali guda da yake fita da shi hawan salla. Ban yi masa bayanin komai ba.

Da asuba na tarar da saƙon murya. Bayan gaisuwa da tambayar sanyi, sai ya ce ya ga hoton, ya kuma nuna wa ɗan bargarsa. Dokin ƙuru ne, in ji shi, amma irin masu jimirin nan ne, ka dubi yadda bai tsaya ba. Sai dai an wahalar da shi, yana buƙatar dusa da kanwa da hutun sati biyu. Sannan ya yi ɗan shiru, na ji carbinsa na ƙara, ya ce, "Shi kuma bawan Allahn nan, ina mutanensa suka bar shi ya fita da daren nan?"